Masu lissafin albashi na Sabon Garin Zariya: aikinsu na da kyau, amma kada a sakar musu rasit

A hanyar PZ, a saman wani bene, akwai ƙaramin ofishin akantoci da ya ɗauki nauyin lissafin albashi ga masu makarantun kuɗi, ƙananan asibitoci, gidajen burodi da dillalan taki daga Samaru har Tudun Wada. Mai ma'aikata yana tura musu sunaye da albashin kowa kafin 25 ga wata, su mayar masa da jadawali: nawa kowa zai karɓa a hannu, nawa ne haraji, nawa ne fansho, kuma ina kowane kuɗi zai tafi. Suna cajin kuɗinsu bisa yawan ma'aikata, wata-wata. A ganinmu aikin ya cancanci kuɗin, da sharaɗi ɗaya da za mu zo kansa.

Inda suka fi ƙarfi shi ne harajin albashi, wato PAYE. Tun 1 ga Janairun 2026 da sabuwar dokar haraji ta 2025 ta fara aiki, tsohon lissafi ya tashi daga aiki, amma har yanzu akwai masu amfani da tsohon jadawalin Excel da wani ɗan'uwa ya haɗa musu shekarun baya. A sabon tsari, naira 800,000 na farko a shekara ba a cire musu komai. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Tsohon rangwamen da ake yi wa kowa an soke shi, an kawo rangwamen haya: kashi 20 na kuɗin hayar shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Ofishin nan ba ya sa wa ma'aikaci wannan rangwame sai ya ga rasit ɗin haya. Wasu na jin haushin hakan, ganin yawancin masu gidajen haya a Zariya da baki ake ciniki da su, amma gaskiyarsu ce, domin ranar da jami'an KADIRS, hukumar tattara harajin jihar Kaduna, suka zo bincike takarda za su tambaya.

Ga yadda jadawalinsu ke fitar da malamin makaranta mai albashin naira 150,000 a wata, wanda tushen albashinsa da alawus ɗin gida da na sufuri suka kai 100,000, yana kuma biyan haya 300,000 a shekara. Fanshonsa kashi 8 na wannan 100,000 ne, wato 8,000 a wata, 96,000 a shekara. Rangwamen haya 60,000. A cire su daga 1,800,000, saura 1,644,000. A ware 800,000 da ba haraji a kansu, saura 844,000, kashi 15 ɗinsa 126,600, wato 10,550 a wata. Malam zai tafi gida da 131,450. Kowane mataki yana layinsa a takardar, har ma'aikacin da bai yarda ba zai iya ɗaukar biro ya bi da kansa.

Abin da ya fi burge mu shi ne shafi na biyu, wanda suke nuna wa mai ma'aikata ainihin abin da malamin ke ci masa. Bayan 150,000, akwai kashi 10 na fansho daga aljihun mai makaranta, 10,000. Akwai kashi 1 na NSITF, asusun diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Akwai kashi 1 na ITF, asusun horar da ma'aikata, idan ma'aikatar ta shiga cikin waɗanda dokar ta hau kansu. Kafin a ce kwabo ya zama 163,000, ba a ma sa inshorar rai ba. Da yawa masu ɗaukar ma'aikata ba su taɓa ganin wannan adadin a rubuce ba, shi ya sa suke yin alkawarin albashin da ba za su iya riƙewa ba.

Ranakun biya ma suna tunatarwa ta WhatsApp ba fashi: PAYE zuwa 10 ga watan da ke biye, fansho cikin ranakun aiki bakwai bayan biyan albashi, rahoton shekara na ma'aikata zuwa 31 ga Janairu.

Yanzu ga sharaɗin. Ofishin lissafi yake yi, ba shi ke tura kuɗi ba. Sai su ba ka jadawalin fansho, su ɗauka ka tura, wata mai zuwa su haɗa sabo ba tare da sun tambayi rasit ɗin na baya ba. A nan ne ɓarna ke shiga. Idan kasuwa ta yi sanyi ko iyaye ba su biya kuɗin makaranta ba, sai mai ma'aikata ya ce bari ya ɗan juya kuɗin fanshon zuwa wata na gaba, wata ya zama zango, zango ya zama shekara. Dokar fansho ta 2014 ta sa tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata a kan abin da ba a tura ba. Kuma tara ce ƙarama a cikin lamarin: kuɗin nan an riga an cire shi daga gumin ma'aikaci, amana ce a hannunka. Akantan da ya san aikinsa ya kamata ya ƙi fitar da sabon jadawali sai ya ga shaidar na baya. Tunda ba sa yi, Alhaji ko Hajiya mai makaranta su ɗora wa kansu: a buɗe fayil ɗaya, kowane wata a saka rasit ɗin banki, a kuma tambayi ma'aikata biyu ko uku ko saƙon kamfanin fansho ya shigo wayarsu. In bai shigo ba, wataƙila lambar fanshon ce aka rubuta ba daidai ba, kuɗin na can a rataye.

Wani gurbin kuma, ba sa tambayar inda ma'aikaci yake zaune. Harajin albashi jihar da mutum yake zaune ake biya wa, ba jihar da ma'aikata take ba. Direba ko mai kula da reshe da ke zaune a Funtuwa harajinsa na Katsina ne, amma sai ka tarar an haɗa shi cikin na Kaduna sai in kai ka faɗa. Batun inshorar rai ta ma'aikata, wadda doka ta ce ta kai ninki uku na albashin shekara, sukan ambata ne kawai su wuce. Takardar albashin ma da Turanci kaɗai take fitowa, alhali mai gadi da mai shara su ma suna da haƙƙin sanin me aka cire musu.

Wanda ma'aikatansa ba su wuce huɗu ba, kuma duk albashinsu na ƙasa da inda haraji ke farawa, zama ɗaya da su a farkon shekara ya ishe shi. Wanda ke da goma sha biyar ko fiye, inda fansho ya zama dole, ko yake neman kwangilar da za a tambaye shi takardar shaidar PenCom, wato hukumar fansho ta ƙasa, da ta biyan haraji, ya ɗauke su na wata-wata, ya kuma sa a rubuta a yarjejeniya cewa za su duba rasit ɗin watan da ya wuce kafin su fitar da sabon jadawali.