Gidan haɗakar masu fasaha a Maradi: asusu ya tsaya da ƙafarsa, ɗakin murya da saura

Gidan haya ne a unguwar Zariya, ɗaki huɗu da rumfar kwano a tsakar gida. Mutum 12 ke riƙe da shi: dukawa, masu ɗinkin surfani, mai zane, mai ɗaukar hoto, makaɗan gurmi da kalangu, da 'yan wasan kwaikwayo. Baƙo na iya hayar ɗaki na awa ko na yini. Wanda ya zama ɗan gida kuwa yana zuba jaka 5, wato sefa dubu 5, a wata.

Abin da ya riƙe gidan shi ne yadda suka tsara kuɗin. Ba adashe ba ne zalla. A cikin jaka 60 da ke taruwa kowane wata, ana cire haya da kuɗin ruwa da wuta, ana jefa jaka 6 a asusun gyara, saura kuma na wanda kwasa ta zo kansa. Sai dai ba a miƙa masa kuɗi a hannu. Zai faɗi kayan aikin da yake so, mutum biyu su raka shi kasuwa ranar Litinin ko Juma'a a sayo, a rubuta a littafi. Wannan sharaɗi ne ya hana kuɗin wayar gita ko na fenti zarcewa hidimar suna da biki, inda adashen masu sana'a ya saba mutuwa. Ma'aji daban, mai riƙe littafi daban, kuma ana karanta lissafi a gaban kowa ƙarshen wata. Raunin tsarin guda ne: wanda ya kwasa da wuri ya daina zuwa, babu abin da ke ɗaure shi sai kunya. Da za su ce kayan da aka saya su kwana a gidan har zagaye ya cika, da an toshe wannan kafa.

Rumfar dukawa ce wuri mafi kyau. Fatar jar akuyar Maraɗi ba ta buƙatar talla, kuma a nan an san darajarta: ana rataye jemammun fatu a kan gora nesa da ƙasa, don danshin Agusta kan sa musu fumfuna cikin 'yan kwanaki idan an jibge su a siminti. Zaman tare yana biya a fili. Mai zane ya fitar da ado a takarda, baduku ya sauke shi a kan jaka ko kube, mai hoto ya ɗauka da hasken safe kafin ƙarfe 10, a tura wa masu saye ta WhatsApp. Makaɗi ma ba ya yawon neman mai ɗaure masa kalangu.

Ɗakin ɗaukar murya ne matsala. An manna kwalin ƙwai a bango, ana ce masa maganin ƙara. Kwalin ƙwai ba ya hana ƙara shiga. Iyakarsa ya ɗan rage amsa-kuwwa ta siririyar murya. Ƙara ta kafa take bi, kuma ƙofar ɗakin ta ƙarfe ce mai tazarar yatsa biyu a ƙasa. Ga shi bango ɗaya ya raba ɗakin da rumfar da ake buga fata. Gyaran ba mai tsada ba ne: a liƙa roba a gefen ƙofa, a ƙara ƙofar katako ta biyu da tazarar taki ɗaya tsakaninsu, a rataya barguna masu kauri nesa da bango kamar faɗin tafin hannu, a shimfiɗa darduma. Kafin nan, wanda zai ɗauki murya ya nemi layin bayan sallar isha'i ko na asuba.

Sai wuta. Maraɗi ta daɗe tana dogaro da layin lantarkin da ke zuwa daga Katsina, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Nijeriya ta yanke wuta a 2023, don haka sayen solar da gidan ya yi dabara ce. Amma batir ɗaya ne, mai bolt 12 da amfiya 200. A lissafi wat 2,400 ne na awa guda, kuma irin wannan batir na dalma rabinsa kawai ake ja idan ana son ya yi ƙarko. Kwamfuta da lasifika da fanka da ƙwan fitila biyu suna cin wajen wat 200, wato awa 5 zuwa 6. Mai ɗinki ya jona dutsen guga mai wat 1,000, cikin awa ɗaya an gama. Babu takarda a bango da ta hana hakan. Na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida ma ta araha ce, irin mai sa ƙugi a cikin murya, wanda ba a jinsa sosai sai an zo tacewa. Da hunturu kuwa ƙura kan lulluɓe faifan solar, ya kamata a sa gogewa cikin layin shara, ko sau biyu a mako.

Layin ɗakuna a littafi yake, awa biyu-biyu, wanda ya makara da minti 20 ya rasa. Ana bin wannan doka har kan dattawan gidan, abin da ba kasafai ake gani ba. Mata masu surfani suna da ɗakinsu mai labule da makulli, shi ya sa iyaye da mazaje ba sa hana zuwa.

Inda suka yi sake da yawa shi ne haƙƙin aiki. Waƙa ɗaya kan bi hannu huɗu: mai baiti, mai kiɗa, mai tace murya, mai hoton talla. Duk da baki ake yi, "ai mu 'yan gida ɗaya ne". Ranar da waƙar ta karɓu, ko wani ɗan kasuwa ya nemi adon jakar, nan zumunci ke tsami. Takarda guda ta isa: sunan aiki, wa ya yi me, kason kowa, sa hannu da shaidu biyu, kafin a fara. Mawaƙan kuma su yi rajistar ayyukansu a BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar.

Baduku, mai zane da mai hoto za su ci ribar jaka 5 ɗinsu tun watan farko. Makaɗi ya shiga don asusu da abokan aiki, amma waƙar da zai fitar kasuwa ya ɗauke ta a wani wuri har sai an sa ƙofa ta biyu.