Ranar da makarantar yarana ta kira mu da Hausa

Wata huɗu da isowar iyalina nan jihar Ohio ta Amurka, aka aiko takarda daga firamaren da yarona na biyu yake, wai ana son ganin iyayensa. Lokacin aikin dare nake yi, da rana ba ni da maraba da gawa. Sai na yi dabara irin tamu: uwargida ta je, babbar 'yarmu mai shekara 12 ta raka ta ta yi mata tafinta, tunda ita bakinta ya riga ya kama Turancin nan nasu na hanci. Na ja bargo, a zatona magana ta ƙare.

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma waya ta tashe ni. Wata mata ce daga ofishin gundumar makarantu, sashen hulɗa da iyaye. Cikin lallausar muryar nan tasu ta ce ba za su zauna da matata ba muddin yarinya ce za ta fassara. Raina ya ɓaci nan take. Na ce a zuciyata, shi ke nan, sun ga mace da hijabi ba ta jin Turanci, za su wulaƙanta ta. Har na fara ɗaga murya. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce maganar ƙanin yarinyar za a yi, bai kamata a ɗora wa yaya nauyin jin laifin ƙaninta tana isar wa uwarsu ba. Kuma samar da tafinta aikin makaranta ne, ba na iyaye ba, ba a biyan ko sisi. Sai ta tambaye ni: ba Hausa ka rubuta a takardar rajista ba?

Wallahi na manta. Ranar da muka sa yaran makaranta akwai wani layi da ke tambayar harshen da ake yi a gida. Na rubuta Hausa don kada layin ya zauna fayau, kamar yadda muke cika fom a gida mu san ba mai karantawa. Ashe an karanta.

Uwargida ce ta ba ni sauran labarin da daddare. Aka ba 'yarmu littafi aka ce ta jira a waje. Malamar ta ajiye waya a tsakiyar tebur, ta danna wasu lambobi, aka ɗan jira, sai wata murya ta fito: "Salamu alaikum, Hajiya, kina ji na?" Ta ce sai da ta waiga ta duba bayanta. Hausarsa irin ta mutanen zango ce na Gana, nan da can sai ta ce ya maimaita, amma Hausa ce. Wata huɗu ba ta yi hira da kowa ba sai ni da yara da waɗanda take kira a WhatsApp. Ta ce hawaye ne suka fara zuwa kafin magana.

Minti arba'in suka yi. Malamar tana ƙorafin yaron ba ya cin abincin rana, kuma in ana masa magana sai ya sunkuyar da kai kamar mai ɓoye wani abu. Uwarsa ta warware mata: abincin yana tsoron naman alade ne, mu muka ja masa kunne, sunkuyar da kai kuwa tarbiyya ce, yaron da ke zuba wa babba ido a wurinmu shi ne mara kunya. Malamar ta rubuta. Da 'yarmu ce ta fassara, na tabbata rabin wannan zancen a hanya zai zube, ita ma kunya za ta hana ta.

Daga baya na bi diddigi, don ni ban yarda da alheri haka kawai ba. Ba kirki zalla ba ne, akwai doka a ƙasa. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana duk hukumar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci saboda asalin mutum. A 1974 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci kan ƙarar 'ya'yan 'yan Sin a San Faransisko, ta ce zaunar da yaro a aji ana koyar da shi da harshen da ba ya ji, ba tare da an taimaka masa ba, tauye masa haƙƙi ne. A 1982 kuma, a wata shari'a daga Tekzas, ta ce ba a hana yaro makarantar gwamnati don ba shi da takardun zama. Dokar ilimi da Obama ya sa wa hannu a 2015 ta ce gundumar da ke samun sama da dala 500,000 na tallafin 'ya'yan talakawa sai ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 don jawo iyaye a jiki. Daga irin wannan ake samun ma'aikata kamar matar da ta tashe ni daga barci.

Amma babban sirrin kuɗi ne. A nan makarantun gwamnati ba a hannun wata ma'aikata a babban birni suke ba. Ƙasar tana da gundumomin makarantu kusan 13,000, Ohio kaɗai ta haura 600. Yawancinsu a nan jihar kwamitin mutum biyar ke riƙe da su, mutanen gari ke zaɓensu na shekara huɗu, su kuma su ɗauki shugaban gunduma aiki, su sallame shi in ya gaza. Abin da tarayya ke bayarwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba. Sauran daga jiha ne da harajin gidaje. Kuma wata dokar Ohio ta 1976 ta sa ko darajar gidaje ta tashi, yawancin harajin da aka riga aka amince da shi ba ya tashi tare da ita. Don haka bayan 'yan shekaru sai gunduma ta dawo ta roƙi masu ƙuri'a su yarda a ƙara. In suka ƙi, a rage malamai, a rage motocin ɗaukar yara. Wanda tuwonsa ke hannun jama'a dole ya iya gaisuwa. Tun 1997 Kotun Ƙolin jihar ta ce dogaro da harajin gidaje haka ya saɓa wa tsarin mulkinta, don unguwar masu kuɗi tana samun makaranta mai kyau, ta talaka ta samu saura. Har yau in ka shiga unguwanni biyun ba sai an faɗa maka ba.

To, kada ku ce na zama ɗan kanzaginsu. Gaisuwar nan tana da gajiyarwa. Saƙo ta waya, saƙo ta imel, saƙo ta manhaja, ga takarda a jakar yaro, duk a kan abu ɗaya. Ranar da dusar ƙanƙara ta hana makaranta, tun kafin asuba na'ura za ta kira ka, yara uku kira uku. Tun da suka gane mu Hausawa ne sai suka kunna fassarar inji. Aka turo mana sanarwar hutun bazara, wanda suke kira "spring break", inji ya ce "karyewar marmaro za ta fara ranar Litinin." Uwargida ta tambaye ni ko famfon makarantar ne ya fashe. Ga takardun jin ra'ayi ba iyaka: yaya kake ji game da makarantar, zaɓi daga 1 zuwa 5. Na cika har na gaji, ban ga abin da 2 ɗin da na ba abincin rana ta canja ba. In lokacin ƙuri'ar haraji ya matso kuwa, sai ƙauna ta ƙaru, mujalla mai sheƙi ta shigo akwatin wasiƙa da hotunan yara suna dariya. Doka ta hana su kashe kuɗin jama'a suna cewa a zaɓi "e", sai su ce bayani kawai suke yi. Mu dai mun san ruwa ba ya tsami banza. Ni da ba ni da ƙuri'a ma ana aiko mini, harajin kuma yana cikin kuɗin hayar da nake biya.

Na taɓa zuwa zaman kwamitin, don a buɗe ake yinsa, kowa na iya shiga. Na rubuta sunana a jerin masu magana, kan batun hutun Sallah, tunda birnin Niyok ya sa Sallah ƙarama da babba cikin ranakun hutun makarantunsa tun 2015. Minti uku aka ba ni, ga agogo yana ƙirgawa a bango. Kun san mu, kafin na gama gaisuwa da godiya minti ɗaya ya tafi. Ina tsakiyar magana ƙararrawa ta buga. "Mun gode," shi ne kawai amsar, ba wanda ya ce e ko a'a. Na fito ina jin kamar na yi wa bango wa'azi. Bayan mako biyu wasiƙa ta zo da sa hannu: ba za a ba da hutu ba, amma yaron da ya yi fashi ranar Sallah ba za a rubuta masa laifi ba. Ban samu abin da na je nema ba, amma an amsa.

Wani abin kuma da ke sa ni kewar gida. Wani yaro ya ture nawa ya fasa masa leɓe, na ce a faɗa mini ɗan gidan waye in je mu yi magana da ubansa, a kashe wutar a zaure. Suka ce dokar sirrin ɗalibai ta 1974 ta hana. Na tuna hedimastanmu na firamare, wanda ya san kakan kowa, ya zo ta'aziyyar mahaifina ya zauna a tabarma har la'asar. Nan duk murmushin da ake maka yana da lokacin tashi daga aiki.

Sai dai mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. A gida Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 tana nan, ga hukumar ilimin bai-ɗaya, SUBEB, a kowace jiha, ga sakataren ilimi a kowace ƙaramar hukuma, ga kwamitocin kula da makarantu, SBMC, da aka ce na al'umma ne. A cikin masu karanta wannan, wa ya san ranar zaman na makarantar unguwarsu? Ba ma taka ƙafa sai an zane yaro mu je da faɗa, ko an kira taron PTA mu san kuɗi za a nema mu aika a ce muna kasuwa. Rufin aji ya yaye shekara biyu, muna wucewa muna cewa Allah ya kyauta. Ni kaina shekara shida 'yata ta yi a makaranta a gida, ban san sunan malamin ajinta ko ɗaya ba.

Halin ma mun taho da shi a jaka. A zaman nan da na je, matan Somaliya sun cika layi biyu da tafintansu da takardar buƙatunsu a rubuce. Bahaushe ni kaɗai. Na tura sanarwa a zauren WhatsApp na 'yan uwa da ke garin, aka yi ta turo hannun addu'a, ba wanda ya zo.

Zama na gaba Talata ce. Uwargida ta riga ta kira ofishin da kanta ta ce a tanadar mata tafinta, ta kuma shawo kan matan abokaina biyu. Batun abincin halal za su tayar. Ni an ce in zauna da yara, kuma in koya mata yadda za ta gama gaisuwa cikin daƙiƙa goma.