GARGAƊI: Mai sayar da robar firam a Facebook ya cinye min ₦186,000

Kwana tara ke nan ina haɗiye maganar nan saboda kunya, yau dai na kasa. Naira dubu ɗari da tamanin da shida. ₦186,000. Kuma rabin kuɗin ba nawa ba ne, kafin alƙalami ne da wata Islamiyya ta ba ni a kan firam 70 na shahadar sauka.

Waɗanda suka san ni a wajen Ƙofar Ƙaura sun san shekara shida ina haɗa firam a gida, na hoton aure, na shahada, na Ayatul Kursiyyu. Ba jiya na fara ba, kuma ina so a riƙe wannan kafin wani ya zo yana ce min me ya sa na tura kuɗi ban ga kaya ba. Na ga kaya. Da hannuna na riƙe shi.

Da malamin makarantar ya zo, gilashi ya ce a sa, ni na hana. Na ce masa Malam, yara ne za su riƙe abin nan ranar walima, ana turereniya ana ɗaukar hoto, gilashin firam kuwa milimita 2 ne, ƙasa kawai zai taɓa ya tarwatse a hannun yarinya. Na ce a sa akirilik, wannan roba mai haske da ake kira Perspex. Nauyinta kusan rabin na gilashi, ba ta fashewa da sauƙi, aibinta dai saurin karcewa da jan ƙura, musamman da hunturu. Na bayan kuma na ce ban da kwali. Kwali yana da asid, a hankali yake mayar da takarda ruwan ƙasa, da damina ya sha raɓa ya kumbura, gara kuma ta samu abinci. Shahadar mahaifina haka ta lalace, ta manne da gilashin har rubutun ya tashi. MDF ma, allon nan da ake yi da garin katako, yana kumbura in ya ji danshi, sai an raba shi da takardar. Don haka na ce farin allon soso marar asid za a sa. Malam ya ce Hajiya ke kika san aikinki. Wannan kalmar tasa ita ke hana ni barci.

Mutumin a Facebook na gan shi, ya ce a Kano yake. Shafinsa cike da hotunan kaya, mutane na ta yabo a ƙasa. Na bi shi WhatsApp. Na ce ina son akirilik milimita 2, falle uku, mai ƙafa 4 a ƙafa 8, don kowane falle zai ba ni yanka 24 na santimita 30 da 40, uku sun zama 72, biyu na rara ko da an yi kuskure. Ya ce ₦42,000 kowanne, ₦126,000 ke nan. Allon baya uku a ₦17,000, ₦51,000. Kuɗin mota ₦9,000. Ku haɗa da kanku, ₦186,000.

A'a, kafin a kai ga farashi ma, samfur na fara nema. Shi ne abin da nake so ku gane. Na ce ya aiko min guntu in gani, ya ba direba, maigidana ya karɓo a tasha. Guntun kamar tafin hannu, da takardar kariya gaba da baya, na ɓare, tas kamar ruwa. Na auna kaurinsa, milimita 2 cif. Na ja masa wuƙar yanka, na karya, ya rabu sumul. Kaya ne na gaske. To wace ce za ta ga wannan ta ce ƙarya ne?

Sai ranar Juma'a ya kira ni ta bidiyo. Ya ce yanzu ya sauko daga masallaci, ga carbi a hannunsa, ya juya wayar ya nuna min fallayen a jingine da bango. Na ce Malam, kuɗin makarantar Alƙur'ani ne fa, ka riƙe amana. Ya dafa ƙirji ya ce: "Haba Hajiya, ai ni ma ina son ladan. In kika ga ba daidai ba, Allah ya isa tsakanina da ke." Haka ya ce, wallahi haka ya ce. Har ya ce zai ƙara min guntaye kyauta saboda aikin Allah ne. Na so in ba da rabi, sauran in kaya sun iso. Ya ce mai gidan nasa ba ya sakin kaya daga sito sai an cika. Na yi shiru, yatsana a kan wayar. Zuciyata ta ce dakata. Na tuna carbin, na tuna samfurin, na danna. Ƙarfe 3 da 'yan mintuna. Kullum in na kwanta sai na sake ganin yatsan nan nawa yana sauka.

Sunan asusun ma ba nasa ba ne. Na tambaya, ya ce na ƙanensa ne, nasa yana da matsala. Na gani, ban ce ban gani ba, amma 'yan kasuwa nawa ne ke karɓar kuɗi ta asusun ɗan'uwa? Ni kaina na sha yi.

Ya ce Litinin, ta zama Laraba, ko Alhamis ce ma, don ranar da ya ce motar ta lalace a Bichi daban ce da ranar da ya ce direban ya yi rashi. Da kayan suka iso an yanka su gida huɗu huɗu wai don su shiga mota, an naɗe da leda da salatif kamar da gaske. Na farke. Na saman kawai ne akirilik. Duk na ƙasa wata roba ce sirit, ko milimita 1 ba ta kai ba, babu takardar kariya, duk karce, in ka ƙwanƙwasa tana ƙara kamar gwangwani. Wuƙa na ɗora mata ta tsage har ƙarshe. Irin wadda ake sa wa firam ɗin arha ce, rana na dukanta za ta koma rawaya. Allon bayan kuwa kwalin firji ne da na talabijin, an liƙa masa farar takarda. Kwali! Abin da na tsaya gaban Malam na ce ba zan sa ba, shi na saya ₦51,000.

Na kira, ya ɗauka sau ɗaya, ya ce yaran sito ne suka yi kuskure, in yi haƙuri gobe za a canza. Da safe hotonsa ya ɓace a WhatsApp. Shafin ma ya canza suna, yanzu wai kayan kicin yake sayarwa, hotunan nan na yabo kuwa duk an goge. Na je banki na cike takarda, na kai ƙara, ina jira.

Awarwarona na sayar na je na sayo gilashi a nan cikin gari, gilashin da na ce ba zan sa wa yara ba, don sauka saura mako ɗaya kuma ba ni da fuskar da zan ce wa iyaye 70 babu. Malam bai ce min komai ba, "Allah ya mayar da alheri" kawai ya ce, na gwammace a ce faɗa ya yi min.

Ku masu sana'ar nan, samfur ba hujja ba ne. Kada ku cika kuɗi sai kun buɗe ɗaurin har ƙasa kun auna kauri. Sunan asusu ya bambanta, ku fasa.

Ina da hoton hirarmu gaba ɗaya, da rasit ɗin ₦186,000, da muryarsa inda yake cewa Allah ya isa. Da daren nan zan ɗora su in ɗana ya rufe min lambobin da ke ciki. Wata baiwar Allah daga Daura ta riga ta yi min magana, ta ce ita ma samfur ya fara aiko mata.