Basmati ce zan sake saya

Hajiya, tunda tsakanin shinkafar basmati da ta jasmin kike neman wadda ta fi ƙamshi, ki sani cewa ƙamshin nasu tushensa ɗaya ne. Sinadarin da hanci yake ji a cikin su biyun ana kiran sa 2AP, shi ne kuma yake tashi daga gugguru da ɓawon burodi mai zafi. A 2005 masu bincike a Ostireliya suka gano silarsa, wata ƙwayar gado mai suna BADH2 da ke kan kuromosom na 8, wato ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da gado a jikin tsiron. A shinkafar da muka saba ci ƙwayar tana aikinta lafiya, tana sarrafa abin da zai zama ƙamshin tun kafin ya taru, amma a basmati da jasmin haruffa 8 na saƙon gadon da take ɗauke da shi sun ɓace daga cikinta, sai ta daina aiki, ƙamshin ya taru har cikin tsaba. Wato nakasa ce manoman da suka ji daɗinta suka yi ta adana irinta, kuma sai tsiro ya gaje ta daga uwa da uba duka sannan ƙamshin yake fita.

Saboda haka a tukunya bambancin yake. Bara da aka yi sunan jikata a Agege, basmati na dafa wa surukai. Na wanke ta sau uku, na jiƙa ta rabin awa, na zuba a ruwan da ya tafasa, kuma ban kai ga buɗe murfi ba maƙwabciyata Bayarabiya ta leƙo tana tambayar abin da na zuba a ciki, alhali ban da gishiri da ɗan mai babu komai. Da na kwashe, kowace tsaba ta miƙe siririya, ta kusa ninka tsawonta, wara-wara kamar an jera su da hannu. Masu sarrafa ta a Indiya da Pakistan sukan ajiye ta shekara guda ko fiye kafin su fitar, shi ya sa take bushewa sosai, ba ta haɗe jiki. Akwai mai ruwan zinariya da ake kira sella, wadda aka turara kafin a casa. Ta fi jure juyi a dafa-duka, amma ƙamshinta bai kai na farar ba.

Jasmin ta Tailan kuwa sau ɗaya na saya, na kuma yi nadama: ta caɓe mini, ƙamshinta na sabunta ne, kafin buhun ya yi rabi zafin Legas ya kwashe shi, ragowar tuwo na tuƙa da ita.

Sai dai ki yi hattara da masu sauya buhu. Wasu sukan gauraya basmati da doguwar shinkafa mai arha su sake ɗinkewa, wasu har ƙamshi suke fesawa a bakin buhun. Ki sa hannu can ciki ki ɗebo, ki duba ko akwai gajeru masu kauri a tsakani, sannan ki tauna tsaba biyu ɗanye, domin ƙamshin gado a cikin tsabar yake, na feshi kuwa ruwan wanki na farko yake bi. Wanda ya hana ki taɓawa, ki bar masa kayansa.

Ki sayi farar basmati, ƙaramin buhu mai kilo 5 tukuna, ki juye ta a bokiti mai murfi nesa da murhu.