Wata goma sha shida a hannun kamfanin gini: abin da na gani a Danbare

Na jinkirta rubuta wannan bayani har sai da gidan ya sha damina guda muna ciki, domin ranar da ake miƙa makulli kowane gini kyakkyawa ne, fenti yana sheƙi, tayil yana ɗaukar ido, kuma sai ruwan sama ya sauka da gaske ake bambance wanda ya yi aiki da wanda ya yi kwalliya. Gidan bene ne mai hawa ɗaya a Danbare, kusa da sabuwar Jami'ar Bayero a Kano, a kan fuloti mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo. Kamfanin da ya gina shi ƙarami ne, injiniya ne da mai zane da mai lissafin kayan gini, sai wani matashi da suke ajiyewa a wurin aiki. Ba zan kama sunansu ba, saboda akwai yabo a cikin abin da zan faɗa, akwai kuma ƙorafi.

Aikina a Kaduna yake, ba na leƙa Kano sai bayan mako biyu, wani lokaci uku. Hanyar da yawancinmu muka saba da ita ita ce mutum ya nemi birkila, ya ɗora ƙaninsa ko wani ɗan'uwa a kan sayen kaya, a riƙa yi kaɗan-kaɗan duk sa'ad da kuɗi suka samu. A ido tana da sauƙi, amma na ga zumuncin da ta ɓata a kan buhun siminti goma da ba a san inda suka shiga ba. Abin da na je nema wurin kamfani shi ne idon da zai tsaya a kan aikin a madadin nawa, kuma da wannan mudu zan auna su.

Zanen farko da suka kawo mana bai yi mana ba ko kaɗan. Gida ne irin na rukunin gidajen Abuja, ƙofa ɗaya ce ta shiga, baƙo sai ya ratsa falon iyali kafin ya zauna, ga manyan tagogin gilashi suna kallon yamma, wanda duk mazaunin Kano ya san abin da ranar watan Afrilu za ta yi wa ɗaki mai irin wannan taga. Abin da ya burge ni shi ne mai zanen bai kare aikinsa ba. Ya nemi a ba shi dama ya zauna da maiɗakina, ya tambaye ta inda take girki idan ana taron suna, da inda ake shanya, da yawan baƙin da ke kwana. A zane na uku aka samu falon baƙi mai ƙofarsa daga waje da banɗakinsa, aka bar ɗan tsakar gida a baya da rumfar da za a iya kafa murhu, aka juya masai domin kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, sannan aka ɗaga tagogin bene na gefe sama yadda ba za a riƙa leƙa gidan maƙwabta ba. Wannan na ƙarshen shi ya kawo shi da kansa, ban tuna ba, kuma na tabbata ya raba ni da rigimar da na ga ta kai wasu gaban mai unguwa. Su ne kuma suka bi takardun amincewar gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, har aka buga hatimi. Bayan rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, ba na jin akwai mai buƙatar a yi masa wa'azi a kan takardu.

Mun sa hannu a yarjejeniya a watan Oktoban 2023, a kan za a gama cikin wata goma, a kuma biya kuɗi kashi huɗu: na tushe zuwa jaman fulo (daɓen kankare na ƙasa), na linta da dakin (daɓen kankaren da bene ke zama a kai), na rufi, sai na gamawa. Na nemi a riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har tsawon damina guda bayan miƙa gida, suka ɗan ja, daga baya suka yarda. Abin da ba mu rubuta ba, kuma shi ya zo ya dame mu, shi ne wanda zai ɗauki nauyi idan kaya suka tashi. A farkon watan ne kamfanin BUA ya sanar da saukar da farashin siminti zuwa naira 3,500 a bakin masana'anta, sai dukkanmu muka ɗauka sauƙi ne ke tafe, alhali a kasuwa buhu bai bar wajen naira 5,000 ba.

Daga tushe zuwa dakin ba ni da abin cewa sai sambarka. Shawararsu ta farko ita ce a haƙa rijiyar burtsatse kafin a sari ƙasa, domin ginin da ake sayen ruwa a tanka gini ne da ake yi wa rowar ruwa. Bulo ba su saya ba, a filin aka buga shi da yashin rafi, aka yi ta ba shi ruwa safe da yamma. Wata Asabar na zo na tarar da Injiniya ya ɗauki bulo mai inci tara daga tsakiyar jeri, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa ya sake shi a kan ƙasa mai tauri. Gefensa kawai ya ɗan ɓantare. Ya sa aka ɗauko wani daga ragowar wanda na saya tun da daɗewa don katanga, ya yi masa haka, sai ga shi ya watse kamar ƙuli-ƙulin da aka taka. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba.

Haka ya yi da rodi. Yana yawo da ɗan ma'aunin ƙarfe a aljihu, kuma a gabana ya auna wanda wani dila ya kawo da sunan mai milimita 12, ya ga bai kai ba, ya hana a sauke. Direban ya yi ta magiya yana cewa kowa da shi yake aiki a garin, Injiniya ya ce masa, "Malam, ka mayar masa, ka ce ni na ce bene zan ɗora a kai." Irin wannan aiki ne mai gida ba zai taɓa gani ba bayan an yi filasta, kuma mutumin da ke zaune a Kaduna ba shi da hanyar sanin an yi shi ko ba a yi ba, in ba Allah ya sa ƙafarsa ta faɗo a ranar ba.

Zubin dakin ya faɗo a watan Fabrairun 2024, daidai lokacin da siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har ta kai Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar a mayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Dakin ɗinmu da bim-bim ɗinsa yana buƙatar kusan buhu 180, wato bambancin da ke tsakanin lissafin yarjejeniya da farashin kasuwa ya doshi naira miliyan ɗaya a siminti kaɗai, ban da rodi. Injiniya ya kira ni ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan rage siminti a kwaɓi ba, kuma ba zan iya ɗaukar wannan ni kaɗai ba, sai mu zauna." Na yaba da cewa bai zaɓi hanya ta uku ba, wadda ita ce ta fi sauƙi, wato ya yi shiru ya ƙara yashi. Amma a zaman na yi masa tambayar da ta tsaya mini a rai: kuɗin wannan mataki tun Disamba na tura, me ya hana a sayi rodi a ajiye, tunda shi ba ya daskarewa kamar siminti? Ya yi ɗan jim, sannan ya amsa cewa ya juya wani ɓangare na kuɗin ya ƙarasa aikin wani, da niyyar mayarwa idan an biya shi. Gaskiyar da ya faɗa ta rage mini zafi, amma ba ta sauya cewa da kuɗina aka rufa wa wani asiri ba, ni kuma tashin farashi ya same ni a fili. Muka rabu a kan ni zan biya bambancin siminti bisa rasit, ba tare da ribarsu a kai ba, su kuma su ɗauki na rodi. Kafin in sa hannu na shiga kasuwar kayan gini ta Kofar Ruwa da kaina na tambayi farashi a shago uku, na tarar rasit ɗinsu bai saɓa ba.

Ranar zubin ina wurin tun bayan sallar asuba. An kawo injin kwaɓa kankare da na girgiza shi, leburori suna hawa da sauka da kwanuka a ka, Injiniya kuma ya tsaya a bakin inji yana ƙirga kwanon yashi da na tsakuwa da ake zubawa a kan kowane buhu, bai matsa ba sai don salla. Ba a tsaya ba sai bayan la'asar, domin ya ce dakin ba ya son a yi masa gaɓa. Da yake iskar hunturu tana shanye ruwa da sauri, an lulluɓe saman da jiƙaƙƙun buhuna ana yi masa ban ruwa fiye da mako guda, kuma ba a cire sandunan da suka tokare shi ba sai bayan kwana 21, duk da cewa ni ne mai gaggawar a ci gaba kafin azumi.

Dole in ɗauki nawa laifin a jinkirin da aka samu. Bayan an kai linta a bene na ce a faɗaɗa ɗaki guda, aka rushe bango, kuma sau biyu ina makara wajen biya. Sun rubuta kowane sauyi da kuɗinsa sun sa na sa hannu, abin da a lokacin na ga kamar tsanani ne, amma da aka zo lissafin ƙarshe shi ya hana musu.

Inda suka ba ni kunya shi ne wajen gamawa. Da aka yi rufi sai kamfanin ya samu sabon aiki babba, aka ɗauke matashin da ke kwana da tashi a wurin, Injiniya ya koma zuwa sau ɗaya a mako, aka raba filasta da tayil da wayarin da aikin famfo da silin ga ƙananan 'yan kwangila, kowa yana sauri ya karɓi kuɗinsa ya wuce. Nan take bambanci ya fito. A banɗakin babban ɗaki mai tayil ya karkatar da daɓen wajen ƙofa, ruwan wanka yana barin magudana yana neman hanyar ɗaki. Na gano haka ne da bokiti ɗaya da na kwara da hannuna, gwajin da bai fi minti guda ba, wanda da akwai mai lura da tuni an yi shi kafin siminti ya kama. Mai wayarin ya ja waya mai lamba 2.5 zuwa wurin na'urar sanyaya ɗaki a inda zane ya ce 4, kuma wani abokina mai aikin lantarki ne ya gani da ya buɗe soket. Ƙofofi biyu ba sa rufuwa sai an ɗaga su. Duk abin da na nuna sun gyara ba tare da gardama ba, sai dai ni nake nunawa, ni da na biya su domin kada in zama mai gadin aiki. Wata biyu na ƙarshe kusan kowace Juma'a ina kan titin Zariya, kuma kuɗin man da na ƙona a wannan zirga-zirga, bayan cire tallafin mai, ba ya cikin lissafin kowa.

An miƙa mana makulli a watan Fabrairun 2025, wata shida bayan wa'adi. A watan Yuli, bayan wani ruwa mai ƙarfi da aka kwana ana yi, muka tashi muka ga silin ɗin falon sama ya yi taswira a kusurwa. Rufin namu irin wanda ake ɓoyewa a bayan bango ne, ni na zaɓe shi saboda iskar farkon damina da ke yaye kwano, kuma mai zane ya faɗa mini tun farko cewa irinsa yana son manyan indararo. Sai ga shi bututun da aka saka ƙanana ne, ganye da leda suka toshe ɗaya, ruwa ya taru ya bi ta ƙarƙashin kwano. Na kira su ranar Talata, ranar Asabar Injiniya ya hau rufin da kansa, aka fasa aka sa manyan bututu, aka sake silin ɗin da fenti, ba su nemi ko sisi ba. Ina kyautata musu zato, amma ina kuma sane da cewa kashi biyar ɗin nan yana hannuna a lokacin.

Ga wanda yake zaune a gari, yake da lokaci, ya kuma san bambancin yashin filasta da na kankare, kuɗin da kamfani ke ɗorawa a kan aiki zai iya zame masa nauyin da bai zama dole ba. Ga irina kuwa, da za a mayar da ni Oktoban 2023, su zan sake ba wa aikin, domin ƙashin ginin lafiyayye ne, babu tsaga ko ɗaya a bango, kuma lissafinsu a buɗe yake. Wani maƙwabcina da zai fara nasa ya nemi lambarsu, na ba shi, na kuma ce kada ya sa hannu sai an rubuta abu uku: yadda za a raba tashin farashi, da cewa kuɗin kowane mataki za a sayi kayansa cikin mako guda a sauke a filinsa ya gani, da sunan wanda zai tsaya a wurin kullum har ranar da za a ɗaura ƙwan fitila na ƙarshe. Ragowar kuɗinsu na biya a ƙarshen Satumba. Ƙofar sito har yanzu sai an sa mata kafaɗa, kuma kafintan ya ce zai zo idan katakon ya gama bushewa.