Neman likitan ƙwaƙwalwa da katin inshorar lafiya: yadda na samu tsarin

Wannan bita ce ta hidimar da na samu ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa lokacin da nake nema wa ɗana, wanda bai kai shekara 18 ba, likitan ƙwaƙwalwa, bayan ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane, kuma karatunsa ya tsaya cak. Na rubuta ta ne saboda ma'aikata da yawa da ke cikin wannan tsari sun ɗauka katin nasu na zazzaɓi da hawan jini da haihuwa ne kawai. Hukuncina shi ne tsarin yana aiki kuma yana sauke wa iyali nauyi mai yawa, sai dai hanyar da ake bi kafin a isa gaban likita ba ta dace da halin da mai irin wannan lalura ke ciki ba.

Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA) ce ke kula da tsarin tun bayan dokar 2022 da ta maye gurbin tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta NHIS, kuma rajistar ma'aikaci tana ɗaukar shi da matarsa ko mijinta da 'ya'ya 4 na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Kowa yana da asibitin farko da ya zaɓa lokacin rajista, kuma daga nan komai ke farawa. Ganin likitan ƙwaƙwalwa yana cikin hidimar ƙwararru, don haka mutum ba zai ɗauki mara lafiya ya wuce da shi babban asibiti kai tsaye yana sa ran inshora ta biya ba. Dole likitan asibitin farko ya duba shi, ya rubuta takardar turawa, sannan asibitin ya nemi lambar izini daga kamfanin HMO, wato kamfanin gudanar da inshorar lafiya da ke tsakanin ma'aikaci da hukumar. Idan babu wannan lamba, daga aljihunka za ka biya.

A nan ne na ga babban rauni. Ma'aikaciyar da na fara samu a teburin inshora na asibitinmu na farko ta ce mini da cikakkiyar tabbas inshora ba ta ɗaukar "ciwon taɓin hankali", kuma da na yarda da maganarta na juya, da nan zancen ya ƙare. Sai da na nemi ganin likita da kaina, ya duba yaron, ya rubuta takardar turawa ba tare da wata gardama ba. Daga nan kuma aka shiga jiran lambar izini, wadda ba ta fito ba sai da na yi ta kiran kamfanin ina bin sawu. Mai ciwon ido ko mai jiran aikin gwaiwa zai iya haƙurin irin wannan jira, amma iyalin da ke gadin yaron da bai rintsa ba, suna tsoron kada ya fice da daddare ko ya cutar da kansa, kowace sa'a tana musu tsawo. A ganina ya kamata a ware wa wannan lalura hanyar gaggawa, a kuma koyar da ma'aikatan teburin inshora abin da tsarin ya ƙunsa, domin kalma ɗaya daga bakinsu tana iya mayar da mara lafiya gida.

Wuraren da ake iya turawa ba su da yawa, kuma wannan ba laifin inshora ba ne. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, sannan akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙiyasin da ake yawan ambatawa shi ne likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, saboda haka wanda ke zaune nesa da waɗannan birane sai ya lissafa kuɗin mota da na masauki, waɗanda babu inshorar da ke biyan su. Kafin a tashi, yana da kyau a tabbatar daga kamfanin HMO cewa asibitin da aka rubuta a takardar yana karɓar marasa lafiyarsu.

Da muka isa gaban likita kuwa, ban ga wani bambanci tsakaninmu da masu biyan kuɗi hannu ba. Likitan ya zauna da yaron shi kaɗai, sannan ya kira ni ya yi mini tambayoyi masu zurfi game da barcinsa da cin abincinsa da abokansa da tarihin dangi, ya kuma bayyana mana cewa maganin ba ya nuna amfaninsa cikin kwana biyu ko uku, kuma ba a daina shi don an ga sauƙi. Bai raina addu'a da ruƙiyyar da muke yi a gida ba, abin da ya ce kawai shi ne kada su hana shan magani, kuma wannan ya kwantar wa mahaifiyar yaron hankali fiye da duk bayanin da na yi mata a baya.

Amfanin inshorar ya fi fitowa a wajen magani. Mai rajista yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da ke cikin jerin hukumar, kuma ga lalurar da ake shan magani watanni ko shekaru, wannan ragi shi ne ke hana iyali yankewa a tsakiya idan albashi ya ƙare. Matsalar da na fuskanta ita ce wani lokaci a ce maganin ya ƙare a ɗakin magani na inshora, sai na fita kemis na saya da cikakken kuɗi. Na koyi tambayar likita tun yana rubutawa ko maganin yana cikin jerin, idan kuma ba ya ciki, ko akwai makamancinsa da zai yi aiki. Haka kuma kwanakin kwanciya a asibiti da inshora ke biya a shekara suna da iyaka, wanda duk aka ce za a kwantar da nasa ya nemi a faɗa masa adadin tun ranar farko.

A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta soke tsohuwar dokar 1958, kuma ta amince da haƙƙin waɗannan marasa lafiya na samun kulawa ba tare da wariya ba. Ina ba da shawarar amfani da inshorar ga duk mai rajista, haka ma ma'aikatan jiha da ke cikin tsarin taimakekeniyar lafiya su tambayi hukumarsu abin da ta tanada. Sharaɗina shi ne mutum ya riƙe lambar wayar kamfanin HMO ɗinsa, ya ajiye kwafin takardar turawa, ya kuma fara neman sabuwar lambar izini tun kafin ranar komawa asibiti ta zo.