Na biya an rubuta mini tallar neman masu renon yara a Kumasi

Gidan renon yara nake da shi a Aboabo, da aji ɗaya na KG, wato ajin share fagen shiga firamare, kuma yawancin iyayen yarana 'yan kasuwar Kejetia ne da Asawase, masu fita tun da duku-duku. Ma'aikatana biyu suka tafi lokaci guda: mai reno aure ya kai ta Tamale, malamar KG ta koma karatu. Wata ƙawata ce ta haɗa ni da wata matashiya mai ɗan ofishi a Adum, wadda sana'arta rubuta wa makarantu tallar neman ma'aikata da yaɗa ta. Sidi 350 ta karɓa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, rabi kafin aiki, rabi bayan ta gama.

Ba ta yarda mu ƙare magana ta waya ba, kuma nan ta fara shiga raina. Da sassafe ta zo, ta cire takalmi, ta zauna bisa tabarma a ɗakin 'yan ƙasa da shekara biyu har aka kira azahar. Ta ga yadda ake kwance yaro daga bayan uwarsa yana tsala ihu, ta ga bayar da koko cokali-cokali, da canjin kunzugu, da wankin fo. Da za ta tafi ta ce, "Hajiya, in muka rubuta 'malama' kawai, masu neman allo da alli ne za su zo, ranar farko su ga kashi su gudu." Saboda haka talla biyu ta rubuta. Ta KG ta nemi mai takardar koyar da ƙananan yara, irin wadda ake samu a Jami'ar Ilimi ta Winneba, tunda dokar ilimi ta 2008 ta sa shekaru biyun KG cikin ilimin tushe. Ta mai reno kuwa ta faɗi aikin tsirararsa: goyo, wanka, ciyarwa, lallashi.

Kan albashi muka ɗan ja. Mu nan an saba rubuta "albashi mai tsoka" a yi shiru. Ita ta dage sai an sa adadi, an kuma rubuta cewa ana biyan SSNIT, wato kuɗin fansho, kashi 13 daga mai aiki, kashi 5.5 daga ma'aikaciya. Ta sa lokutan aikinmu na safe da na rana, don kowa ya ga ba a wuce awa 8 da dokar ƙwadago ta 2003 ta ƙayyade ba, ta ƙara da hutun haihuwa na mako 12. Wallahi ta yi gaskiya. Duk wadda ta zo ganawa ta riga ta san abin da za ta ɗauka a ƙarshen wata, babu wadda muka ɓata wa lokaci.

Ɓangaren tsaron yara shi ne na fi yabawa. A saman tallar ta rubuta cewa gidan yana da rajista da Sashen Jin Daɗin Jama'a, kamar yadda dokar yara ta 1998 ta buƙata, kuma ba a karɓar ko kwabo na fom, domin macuta sun yi yawa, suna karɓe kuɗin 'yan mata da sunan aiki. A ƙasa ta nemi Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da takardar 'yan sanda, da ta asibiti, da mutum biyu da za su tsaya wa mai nema. Sai layi ɗaya shi kaɗai: a nan ba a dukan yaro, ko da ɗan yatsa. Wata uwa da ta ga tallar a jikin ƙofarmu ta tsaya ta karanta layin nan, ta shigo ta yi mini godiya.

Inda ta gaza shi ne wajen yaɗawa. Da Turanci kaɗai ta rubuta, ta zuba a Facebook da shafukan neman aiki, ta ce a turo takardu ta imel. Wannan ya yi wa gurbin KG daidai, mun samu malama mai kyau. Amma matan zango da suka iya yaro, waɗanda suka goya ƙanne da jikoki, ina ruwansu da imel? Na ce mata, "'Yata, ki yi mana ta murya da Hausa da Tuwi." Ta ce sai an ƙara kuɗi, kuma bayan ta karɓi cikon kuɗinta samunta a waya ya yi wuya. Wannan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Ni na zauna na karanta tallar da Hausa a waya, na tura zaurukan WhatsApp na matan islamiyya da na biki. Ta nan mai renon da muka ɗauka ta fito, wata baiwar Allah daga Sawaba, mai haƙuri, yanzu yara har rigima suke a kan cinyarta.

Zan sake ba ta aiki, don rubutunta ya ci kuɗinsa. Amma in kina da gidan reno a zango kuma za ki neme ta, ki sa saƙon murya na Hausa da Tuwi cikin ciniki tun farko, kuma kada ki biya cikon kuɗin sai an fara ganawa da masu nema.